Lambun bayan gida a ƙarshen hunturu: nazarin abin da ya faru a wani gida a Kawo

Gidan yana Kawo, a arewacin garin Kaduna. Na yayata ne da maigidanta da yaransu biyar. Ita malamar firamare ce, shi tela ne. A bayan madafi akwai wani fili da aka bari tun lokacin gini, tsawonsa taku goma sha biyu, faɗinsa kamar bakwai, ya zama wurin zubar da tokar murhu da fasassun bulo, kaji suna birgima a ciki. A farkon Fabrairun 2025 ta ɗaura niyyar mayar da shi lambu, kuma ba da dashen da ake saya a bakin hanya ba, daga ƙwayar iri take so ta fara. Na bi lamarin tun daga sayen iri har bayan ɗaukewar damina. Na rubuta shi ne saboda gidaje da yawa a garin nan suna da irin wannan fili da irin wannan niyya, kuma galibi a watan Fabrairu sha'awar take motsa musu.

Dalilinta a fili yake. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya hau kan komai, sannan a tsakiyar 2024 kayan miya suka yi tsadar da ta sa mata da yawa suka koma kauɗa da tumatirin leda, wasu har karas suke markaɗawa don miya ta yi ja. Azumin 2025 kuma a farkon Maris zai kama. Lissafinta shi ne idan ta shuka a tsakiyar Fabrairu za ta sha ruwa da ganyen gidanta, kafin damina kuma ta huta da sayen tumatir. Na farkon ya tabbata, na biyun bai tabbata ba.

Lokacin wasu da namu

Abin da ya ba ta ƙwarin gwiwa bidiyoyi ne a YouTube da Facebook, na mutanen Ingila da Amurka masu jera ƙananan kofuna a bakin taga suna zuba irin tumatir da latas a Fabrairu da Maris. A wurinsu daidai suke yi. Can sanyi ne abin gudu: ƙanƙarar da ke kwanta da dare tana kashe tumatir nan take, don haka sukan raini iri a cikin ɗaki mako shida zuwa takwas kafin ta daina, su fitar da shi fili a Afrilu ko Mayu, ya tarar da rana mai sauƙi da ruwan sama.

Mu namu a juye yake. Hunturun Kaduna, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da tumatir da albasa da kabeji da latas da karas suke so: dare da sanyi, rana ba ta ƙuna, iska a bushe ba ta yaɗa cutar ganye. Shi ya sa masu lambu a bakin Kogin Kaduna suke zuba irinsu tun damina na haramar tafiya, a Satumba da Oktoba, su yi dashe wajen Nuwamba, su yi ta ɗiba daga Janairu zuwa Maris. Kwandunan da ke cika kasuwar Bakin Dogo da araha a Fabrairu, waɗanda ke sa mutum ya ji shi ma bari ya shuka nasa, ƙarshen aikin wata huɗu ne ko biyar. Daga Maris zuwa Afrilu zafin rana kan haura digiri 35, rijiyoyi su ja baya, ruwan sama kuma ba ya zama abin dogaro sai Mayu ta shiga sosai. Tumatirin da aka zuba a tsakiyar Fabrairu zai isa dashe a tsakiyar Maris, ya yi fure a Afrilu, a daidai makonnin da suka fi zafi a shekara. Lissafi ne da ake iya yi da yatsu, amma ba a rubuta shi a bayan fakiti ba, mai bidiyon kuma ba don mu ya yi nasa ba.

Ranar Talata, ranar kasuwar Kawo, aka sayo yawancin irin. Alayyafo da lalo a ƙullin leda, ana aunawa da murfin kwalba. Tumatir da latas da karas a fakiti mai hoto. Na tumatirin an rubuta Roma VF, wanda shi da UC82B manoman rani na Kano da Kaduna suka daɗe suna nomawa. Albasa a wurin wani mai tebur a bakin hanya aka ƙara. Attaruhu ba ta saya ba, ta zaɓi jajaye manya daga cefane ta tsaga, ta shanya 'ya'yan a inuwa. Kuɓewa kuwa surukarta ce ta aiko daga ƙauye a cikin kwalba, an cakuɗa da toka don kada ƙwari su huda.

Ruwa kafin iri

Wanda ya sa wa aikin linzami wani dattijo ne maƙwabcinsu, wanda ya shekara da shekaru yana noman rani a bakin kogi wajen Rafin Guza. Maigidan ne ya roƙe shi bayan la'asar ya shigo ya duba. Ya tsaya a bakin filin, bai ko kalli ledojin irin da aka baje masa a tabarma ba.

"Malama, da wane ruwan za ki raine su?"

"Ga rijiya nan, Baba."

"Takan kai ku damina?"

Ta ce gaskiya a Afrilu sai an ƙara igiya, wata rana ma laka guga ke kawowa.

"To ki auna lambunki da guga, 'yata, kada ki auna da taku. Filin nan duka ya fi ƙarfin rijiyarki."

Lissafi ya gaskata shi. A zafin bazara kowane murabba'in mita na ƙasar da aka shuka yana rasa ruwa lita 6 zuwa 7 a yini, tsakanin wanda rana ke ɗauka da wanda ganye ke fitarwa. Filin ya kai murabba'in mita 40. Ke nan lita 250 ko fiye, jarka goma ta lita 25, kurar ɗan ga-ruwa guda cur, kullum har ruwan sama ya sauka. Albashin malamar firamare ba zai ɗauka ba, ko ya ɗauka ma kuɗin ruwan ya ninka na kayan miyan. Aka tsaya a kan komi uku, kowanne mita 1 a faɗi 3 a tsawo, da buhuna goma sha biyu na tumatir a jikin katanga. Abin da za su sha jarka uku ne zuwa huɗu. Sauran filin aka bar shi sai damina.

Wani kaso na wannan ruwan ma a cikin gidan yake, kwata ke shanye shi. Ta ajiye baho a wurin alwala, wani a bakin madafi na ruwan wankin shinkafa da wake da kayan miya. Gidan mutum bakwai a watan azumi ba ƙaramin ruwan alwala yake tarawa ba. Ruwan wanki mai omo da bilic ta ware shi daban, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa ya ƙona saiwa, ganyen kuma ci za a yi.

Sai da Baba zai fita ya juyo kan ledojin. Ya sa aka ƙirga ƙwaya goma-goma daga kowanne, aka naɗe a tsumma mai damshi, aka ajiye a kwano a ɗaki ana yayyafa ruwa. Ya kuma ja kunne a kan irin fakiti mai launin hoda: magani ne aka shafa masa, a wanke hannu, kada kaji ko yara su kai baki. Bayan mako guda da 'yan kwanaki alayyafo da tumatir da kuɓewa sun fasa kusan duka. Albasa biyu kacal cikin goma. Irin albasa ba ya jure ajiya, da ya shekara ƙarfinsa ya faɗi, balle wanda ya sha rana a kan tebur. Ba a shuka shi ba, dama ko mai kyau ne lokacinsa ya wuce.

Lalo bai fasa ko ɗaya ba, Yaya ta ce an cuce ta. Baba ya ce ba a cuce ta ba, ɓawonsa ne mai tauri. Ya sa aka tafasa ruwa aka sauke, ya ƙulle irin a bakin ƙyalle, ya tsoma, ya ƙirga goma da baki, ya ciro, ya baje a faifai a inuwa. Washegari aka yafa, cikin mako wurin ya yi kore. Ban taɓa ganin wannan a bayan wani fakiti ba, amma duk mai noman lalo a bakin kogi ya san shi.

Ƙasa da taki

Ƙasar filin ja ce mai tauri, sai da diga. Yaran suka tsince bulo da kwalabe da ledoji. A bidiyo akwatunan katako ake gani a ɗage sama, Yaya ta so haka don ya fi kyan gani. Baba ya sa aka yi akasinsa: komi mai zurfin tafin hannu da gefe a ɗage, yadda ruwan da aka zuba zai kwanta ya nutse inda saiwa take. Ɗagaggen wuri na inda ruwa ya yi yawa ne. A rani iska da rana suna busar da shi ta sama da ta gefe.

Komi biyu suka samu kashin awaki da na shanu wanda ya daɗe a juji har ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, babu wari. Na ukun maigidan ya zuba masa ɗanyen kashin kaji da wani abokinsa mai kiwo ya ba shi, don ya ji ana cewa ya fi kowane taki ƙarfi. Gaskiya ne ya fi ƙarfi, shi ya sa alayyafon da aka fara yafawa a wurin ya fito bakin ganyensa a ƙone, ya kwanta cikin kwana kaɗan. Ɗanyen kashin kaji yana fitar da zafi da iskar amoniya yayin da yake ruɓewa. Sai an tara shi an jiƙa ana juyawa wata biyu ko fiye kafin ya dace da ƙaramar shuka. Aka sake juya komin da ƙasa, ana ba shi ruwa jefi-jefi har ya huce, daga baya ya zama wurin kuɓewa, wadda dama Baba ya ce a dakata da ita sai sanyin dare ya tafi, don ba ta son tsirowa a ƙasa mai sanyi.

Alayyafo shi ya riƙe mutuncin lambun. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, idan aka yafa haka nan sai ta taru wuri guda, don haka aka cuɗa murfi ɗaya da yashi cikin hannu uku aka watsa, aka bi da ƙasa shafe-shafe, aka rufe da busasshiyar ciyawa. A rana ta huɗu ya huda. Nan da nan aka ɗage ciyawar, domin tsiron da ya daɗe a ƙarƙashinta yakan yi dogon wuya fari ya karye. Inda ya yi cunkoso aka rage, abin da aka cire ya shiga miya. Azumi na tsakiya aka fara yanka sosai, kuma yanka ake yi ba tugewa ba: a bar kara da 'yan ganye a ƙasa, cikin kwana goma ya sake tofo. Daga nan gidan bai ƙara sayen ganye ba, na fate ne, na dambu ne, ko na kwaɗon buɗa-baki. Na ga Yaya tana shiga da wuƙa bayan la'asar ta fito da faranti cike, kuma na san abin da hakan yake nufi ga macen da ta saba ƙirga canjin cefane.

Latas da karas ba su ja dogon labari ba. Irin latas yakan ƙi tsirowa idan ƙasa ta yi zafi, 'yan da suka fito kuma suka miƙe sama da wuri suna neman fure, ganyen ya yi ɗaci. Karas yana ɗaukar wajen mako biyu kafin ya fito, yana so saman ƙasa ya zauna da damshi duk tsawon lokacin, alhali kafin azahar saman ya bushe ya yi ɓawo. Aka juye wurinsu aka ƙara lalo.

Tumatirin

Tumatir da attaruhu a tsofaffin bahuna aka raine su, an huda gindinsu da ƙusa mai zafi: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi. Aka ja layi da tsinke, zurfinsa bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Ƙa'idar ita ce kada a binne ƙwaya fiye da ninki biyu ko uku na kaurinta. Irin da yawa da ake cewa ya mutu a gidaje zurfi ne ya hana shi fitowa. Aka kafa 'yar rumfar zana a kansu, ta tare ranar tsaka ta bar ta safe. Kaji an san da su, an killace. Wanda ba a yi tsammani ba ƙadangare ne: da safe guda jangwada biyu suka aske rabin layin tumatir. Tsohon gidan sauro da ya yayyage, wanda aka daina ɗaurawa, shi aka lulluɓa a kan sanduna aka danne gefensa da duwatsu. Wanda yara ke kwana a ciki ba na lambu ba ne. Na faɗi haka ne domin nakan ga sababbi a kan shuka a unguwanninmu, alhali damina na tafe da sauronta.

Sai kuma ruwa ya yi yawa. Cikin yaran kowa na so ya zama shi ya shayar, safe da rana da dare. A mako na biyu tsiron tumatir suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ganyensu kore shar, amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Cuta ce ta funfuna da ke zaune a ƙasa, tana samun ƙarfi idan damshi ya yi yawa iska kuma ba ta ratsawa, wanda ya kamu ba ya tashi. Aka cire su da ƙasar da ke kewaye, aka rage cunkoso, aka damƙa ban-ruwa a hannun babbar 'yar ita kaɗai, da sharaɗin sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasa ta sha iska tukuna. Abin ya tsaya.

Da suka yi mako huɗu, ganye huɗu zuwa biyar, aka janye rumfar kaɗan-kaɗan don su saba da rana, aka dasa sha biyu mafi ƙarfi a buhuna da yamma. Sun kama, sun yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya zo yawon Sallah sai an kai shi baya ya gani.

A tsakiyar Afrilu fure ya fito, rawaya, gungu-gungu. Bayan kwana biyu ko uku sai a tarar da shi a ƙasa, ya tsinke daga 'yar gaɓar da ke riƙe shi, babu ɗa a bayansa. Wani ya fito, shi ma haka. Yaya ta ƙara taki ta ƙara ruwa, ganye ya ƙaru, furen bai daina zuba ba. Ba yunwa ba ce, ba ƙishirwa ba ce. Idan zafin rana ya kai digiri 32 zuwa 35 ko ya wuce, dare kuma bai huce ba, garin furen tumatir yakan lalace, barbara ba ta yiwuwa, sai uwar ta saki furen. Katangar bulo da aka jingina buhunan da ita ta ƙara dagula lamarin, domin tana shan rana wuni guda ta yi ta fitar da zafin har tsakar dare.

Shukar da ta galabaita ita ƙwari ke samu. Farin ƙuda ya cika bayan ganye, sababbin ganye suka fara nannaɗewa suna ƙanƙancewa, alamar cutar da yake ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan, wadda idan ta shiga ba ta da magani. Sannan aka ga fararen tabo a ganye, idan aka ɗaga wa rana sai a hangi 'yar tsutsa tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana ci. Baba ya duba ya ce sharon ce. Ita ce masana ke kira Tuta absoluta, asalinta Kudancin Amurka, ita ce ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano a 2016 har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Zafi take so, kuma a ƙarshen rani, bayan manyan gonaki sun tashi, duk koren tumatirin da ya rage a gari kansa take komawa.

A nan aka samu saɓani a gidan, kuma a ganina ita ce gaɓa mafi muhimmanci a lamarin duka. Maigidan ya ce a sayo maganin feshi, an sha wahala wata biyu, ba za a zuba ido ba. Yaya ba ta so, saboda alayyafon da ake yanka kullum taku biyu ne daga buhunan, autansu kuma komai ya tsinka baki yake kaiwa. Ta gwada darbejiya: a daka busassun 'ya'yan, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye. Ya rage farin ƙuda da darɓa. Bai kai sosai ga tsutsar da ke ɓoye cikin ganye ba, zafin rana kuwa ba shi da abin da zai yi masa. Ga rijiya ta ja baya tun farkon watan, sai an jira ta taru da asuba, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗi yadda suke yi duk bazara, buhunan tumatir kuma suna shan kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan lambun.

"Malam," ta ce wa maigidan, "ko mun kashe tsutsar, furen zai zauna?"

Ya yi shiru, sannan ya ce a tambayi Baba. Baba ya ce shi nasa tumatirin ya tashi tuni, ya sa masara da kuɓewa a wurin. Mai injin ban-ruwa da kogi a gabansa ma bai ja da Afrilu ba.

Ta tumɓuke tara. Aka ƙone su, ba a jefa juji ba, don kada tsutsar ta ƙarasa girma a can. Ukun da suka fi lafiya aka ja su ƙarƙashin mangwaron maƙwabta da ya leƙo ta katanga, inda rana ke barinsu tun azahar.

Ina ganin ta yi daidai, kuma na san abu ne mai wuya. Shukar da mutum ya raina daga ƙwaya, ya tsare ta daga ƙadangare, ga ta kore har ƙugu, hannu ba ya zuwa gindinta da sauƙi. Amma wahalar da aka riga aka sha ba ta dawowa ko an ci gaba, ruwan gobe kuwa ana iya zaɓar inda za a zuba shi. Feshin da maigidan ya nema ma ba lallai ya yi aiki ba, don sharon ta yi suna wajen saurin sabawa da magani, kuma ba kasafai mai sayarwa yake gaya wa mutum kwana nawa zai jira kafin ya ci abin da ya fesa ba. Ukun da aka bari sun ba da abin da bai cika kwano ba a Mayu. Akwai nau'o'in tumatir da aka samar don jure zafi ko ruwan damina, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ma, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da nata nau'o'in masu suna SAMTOM. Mai son tumatir ba a lokacinsa ba sai ya tambaya tun wurin saye: na hunturu ne, na bazara ne, ko na damina?

Inda ruwan ya koma

Ruwan da aka ƙwato ya koma kan kuɓewa da attaruhu. Aka lulluɓe komayen da ciyawa da buntun shinkafa, aka binne gorunan roba da aka huhhuda a gindin kuɓewa, a cika su da yamma su yi ta tsattsafowa. Ciyawar ta jawo gara, aka riƙa barbaɗa toka ana janye ta daga jikin kara. Kuɓewar an jiƙa ta kwana ɗaya aka shuka kai tsaye a farkon Maris, don ba ta son dashe, kuma ita zafin bai dame ta ba. Kafin ta cika wata biyu ta fara 'ya'ya. Sai dai a bi ta duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ta ƙosa ta yi itace, uwar kuma ta rage haihuwa.

Attaruhu ne ya kusa tafiya a banza tun farko. Tumatir ya fito cikin mako guda, bahon attaruhu shiru, mako biyu shiru. Yaya ta yi niyyar juye ƙasar, babbar 'yar ce ta ce, "Umma, a ƙara masa kwana." A mako na uku ya fito, haka ɗabi'arsa take. Yana kuma jinkirin girma, yakan yi mako shida zuwa takwas kafin ya isa dashe, wannan jinkirin ne ya cece shi. Duk tsananin Afrilu yana ƙarami a ƙarƙashin rumfa, an mayar da kowanne cikin ledar fiya-wata da aka cika da ƙasa, ɗan ruwa kaɗan ya ishe shi.

Ruwan farko da iska ya zo yadda ya saba, ya yi gaba da rumfar zana, sannan ya ɗauke. Baba ya hana dashe a kansa, ya ce sai an yi biyu ko uku a jere ƙasa ta jiƙu har ciki. A Mayu aka dasa attaruhu ashirin a filin nan da aka bari ba a taɓa ba. Ya yi fure a sanyin damina, furen ya zauna, daga ƙarshen Yuli aka fara tsinka har hunturu ya shigo. Wanda ya jira ruwan sama kafin ya zuba irin attaruhu sai Satumba ko Oktoba zai ga ja. Ita ta riga shi da wata biyu, a lokacin da attaruhu ke da daraja a kasuwa. 'Ya'yan ba su zo iri ɗaya ba, wasu manya masu ƙamshi, wasu ƙanana masu tsananin yaji. Haka irin da aka ciro daga cefane yake, musamman idan uwar 'yar aure ce ta kamfani, wadda ake rubuta wa F1 a fakiti: abin da aka shuka daga gare ta ba ya kama da ita. A tukunyar gida wannan ba aibi ba ne.

A Yuni komayen da suka yi amfani a rani suka riƙa tara ruwa, alayyafo ya fara rawaya, saiwa na ruɓewa. Aka ja ƙasa aka mayar da su kunya, aka fasa wa ruwa hanya zuwa kwata, aka yafa rama da yakuwa, aka kafa zogale a jikin katanga.

Lambun bai raba gidan da kasuwa ba. Duk wanda ya ce wa mai taku goma sha biyu zai daina sayen tumatir da albasa bai gaya masa gaskiya ba, gidan mutum bakwai yana cin abin da ya fi ƙarfin bayan madafi. Abin da ya ɗauke musu shi ne ganye gaba ɗaya tun tsakiyar Maris, kuɓewa ɗanya har da ta shanyawa, da attaruhun wata huɗu har ana miƙa wa maƙwabta. Kuɗin iri bai taka kara ya karya ba. Babban abin da aka kashe ruwan saye ne a Afrilu, wanda kaso mai tsoka a cikinsa tumatirin da aka ƙone ne ya sha. Sai kuma lokacin mutum, da asuba da yamma, babu ranar hutu, domin a bazara yini ɗaya aka tsallake alayyafo ya kwanta. Ga macen da ke fita aiki ƙarfe bakwai da azumi a bakinta wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma da babu 'yar da ta karɓi ban-ruwa da ba a kai damina ba.

Yaya ta yanke shawarar bar wa Fabrairu attaruhu da ganye, kuɓewa ta biyo a Maris, tumatir da 'yan'uwansa masu son sanyi su koma Oktoba. Da kaka ta yi aka tuge kuɓewa sai aka ga saiwarta ta kumbura gaɓa-gaɓa, duk ƙulle-ƙulle. Wata tsutsa ce mai zama a ƙasa wadda ido ba ya gani, kuɓewa da tumatir duka abincinta ne, Roma VF kuma ba ya cikin masu jure mata. Wannan ya rushe shirin sa tumatirin hunturu a wurin. A farkon Oktoba, lokaci ɗaya da masu lambun bakin kogi, Yaya ta zuba tumatir da latas da kabeji da albasa a bahuna. Tumatirin ya tafi buhuna da sabuwar ƙasa, karas ya shiga wurin alayyafo, komin kuɓewa kuma aka ba albasa, wadda tsutsar ba ta cika damu ba.